Na ba wata mai rubutu aikin tallan kilishinmu a Garwa, ga yadda muka kwashe

Salam jama'a. Tun da na canza takardar da muke liƙawa a ledar kilishi mutane ke ta tambayata wa ya rubuta mana, wasu har cewa suke ko kamfani na ɗauka. Ba kamfani ba ne wlh, wata baiwar Allah ce da ta gama jami'ar Ngaundare, a gida take aikinta da kwamfuta da waya, ka ba ta aiki ta yi ka biya ta shikenan kowa ya kama gabansa.

Mu dai mahauta ne gaba da baya, kilishi na gada wurin Baba, kuma in dai maganar yanka nama fale-fale ne da shanya da haɗa labu, wato haɗin da ake shafa wa naman, to ba na jin tsoron kowa a garin nan. Amma rubutu wani abu ne daban. Faransancina na kasuwa ne, zan yi ciniki da kai lafiya lau amma in na rubuta sai yaran gida su ce akwai kuskure a kowane layi, gashi yawancin masu yi mana komand, wato oda, daga Yawunde da Duwala suke, ga kuma 'yan'uwanmu na Yola da Mubi da su Hausa ko Turanci suke so. Da ƙanina nake sawa ya fassara da Google, rannan wata mata daga Duwala ta kira ni tana tambaya wai miya muke sayarwa ko nama, ashe labu ne ya koma miya. Abin ya dame ni sosai don sunan gidanmu ne a jikin ledar.

Na fara tunanin in ɗau yaro ɗan boko ya zauna a butik, da na yi lissafi sai na fasa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta sa tun 2023 ga irin aikinmu sefa 60,000 ne a wata, ga kuɗin CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata, a kai in za ka yi abu bisa ƙa'ida, alhali rubutun namu ba kullum ba ne, lokacin azumi da sallah da ƙarshen shekara ne yake taruwa, da damina kuwa ko shanyar ma wahala take. To me zai zauna yana yi?

Abin da ya fi burge ni da mai rubutun nan, ba ta yarda mun gama magana a WhatsApp ba. Moto ta hau ta zo har inda muke shanya da hantsi, rana na dukan kowa, ta gaida Baba ta ce "Baba, so nake ka nuna min daga farko." Shi kuma tsoho ya samu mai sauraro, ya ɗaga yanka ɗaya sama ya ce "'yata duba nan, in ba ki hango hasken rana ta ciki ba to ba a yanka ba." Tana ta rubutawa a ɗan littafinta, ta tambayi bambancin jan kilishi da fari, ta tambayi me ke cikin labu, muka lissafa mata ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro, albasa da barkono. A nan ta ce min "Yaya dole mu rubuta akwai gyaɗa a jiki, akwai waɗanda gyaɗa ke tayar musu da ciwo." Ni tunda nake ban taɓa kawo wannan a raina ba. Maganar Baba ta hasken rana kuwa ita ta sa a saman tallan, kuma ita mutane suka fi maimaita min in sun kira.

Mun yi sefa 35,000, etiket ɗin leda da rubutun Facebook guda 8 da ɗan saƙon da nake tura wa sabon mai saye, na Faransanci da na Hausa. Rabi na tura ta Orange Money kafin ta fara, rabi bayan ta gama.

Amma fa akwai inda ta ɓata min rai, zan faɗa don amana. Mun yi da ita kwana 5, sai da ta yi 9, ta ce wuta ce ba sa samu a kartiyensu kuma aikin wasu ya taru mata. Na san matsalar wuta gaskiya ce amma ana saura mako ɗaya sallah kowace rana kuɗi ce a wurina, kuma sai da na neme ta tukun ta faɗa min. Sannan Hausarta ta farko irin ta labaran rediyo ce, ta yi nauyi, ba haka muke magana da masu saye ba. Na karanta mata da baki yadda nake kiran mutane a bakin tebur, ta gyara har sau biyu ba ta ƙara min ko dala ba.

Zan sake ba ta aiki kam, sai dai wannan karon tun kafin a ga watan azumi zan kira ta. Yanzu ma akwai wasiƙar da nake so ta rubuta min zuwa wani babban kanti a Yawunde da suka nemi mu aiko da farashi a rubuce.