Shagon wata Hajiya a Aboabo, inda dankalin Turawa yake samun kulawar da ta dace

Duk mai sayen dankalin Turawa a Kumasi ya san cewa kaya ne da ba ya jure zafin garinmu, kuma mafi yawansa baƙo ne: wani daga Holan yake zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, wani kuma a mota daga Burkina Faso ko Mali, inda yankin Sikasso ya yi suna wajen nomansa. Kafin ya iso hannun mai girki ya riga ya sha tafiya, saboda haka yadda mai shago ya ajiye shi ne yake nuna ko zai kai mako biyu a gida ko zai ruɓe cikin kwana uku.

Wata shida ke nan ina saye a wani ƙaramin shagon kayan miya da ke unguwar Aboabo a nan Kumasi, kuma abin da ya riƙe ni a wurin shi ne ɗakin ajiyar Hajiya mai shagon. Dankali ya fi son duhu da iska da sanyin da ke tsakanin digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas, alhali a nan rana takan kai digiri 30 ko fiye, ita kuwa ba ta da ɗakin sanyi. Dabararta ita ce ba ta sarin abin da ya wuce cinikin mako guda, tana jera buhunan raga a kan katako nesa da ƙasa da bango a ɗakin baya wanda rana ba ta shiga, sannan kowace safiya a zazzage su a ware duk wanda ya fara laushi ko tsiro, domin guda ɗaya mai ruwa da wari yakan ɓata na kusa da shi cikin kwanaki kaɗan. Ba ta wanke shi, ƙasar jikinsa tana nan, saboda danshi ne ke gaggauta ruɓewa, kuma sai tsohon buhu ya ƙare take fara sayar da sabo.

Ranar farko da ta auna mini ta ce, "Ƙanwata, in kin je gida ki juye shi daga leda zuwa kwando, kuma kada ki sa shi a firiji." Gaskiyarta ne, domin leda tana tara gumi, sanyin firiji kuma yana mayar da sitacin dankali ya koma sukari, sai ya yi zaƙi-zaƙi, ya yi duhu a cikin mai tun kafin cikinsa ya nuna.

Inda na ga gazawa shi ne faifan tallan da take ajiyewa a bakin ƙofa, wanda ranar la'asar take bugawa. Na taɓa samun guda uku da suka yi kore a gefe, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciyar da yara, domin haske yana sa dankali ya tara solanin, guba mai ɗaci da ke jawo ciwon ciki da amai, wadda dahuwa ba ta kawar da ita. Na mayar mata, ta canza mini ba tare da musu ba, yanzu kuma tana rufe faifan da buhu, amma har yau yana jingine da kwandon albasa, alhali haɗa su wuri guda yana rage kwanan dukansu. Yaron shagon ma yakan jefar da buhu idan yana sauke kaya, abin da ke barin baƙin tabo a ƙarƙashin ɓawo wanda sai an fere ake gani.

Farashinta ya ɗara na babbar kasuwar Kejetia kaɗan, sai dai ban taɓa zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na saya ba kamar yadda nake yi a da. Mai son zaɓaɓɓe ya je da hantsi bayan an gama warewa, ya nemi a ɗebo masa daga ɗakin baya.