Sharhi a kan hidimar waya da saƙonni ta gidan yarin gunduma a Amurka

Watanni bakwai ƙanena ya yi a tsare a gidan yarin wata gunduma a nan Amurka yana jiran shari'a, saboda kuɗin belin da alƙali ya yanke sun fi ƙarfinmu. A duk tsawon lokacin nan, ƙofa ɗaya ce tsakanina da shi, wato kamfanin da ofishin sherif, wato babban jami'in tsaro na gundumar, ya ba kwangilar kiran waya, kiran bidiyo, saƙonni da saka kuɗin kanti, wato kuɗin sayayya a kantin cikin gidan yarin. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko na gundumar ba, domin tsarin kusan iri ɗaya ne a wurare da dama, kuma abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san yadda hidimar take aiki tun kafin ya fara zuba kuɗinsa a cikinta.

Gidan yarin gunduma ya bambanta da na jiha ko na tarayya. Yawanci sherif ne yake kula da shi, kuma mutanen da ke ciki ko dai suna jiran shari'a ne, ko kuma suna zaman hukuncin da bai wuce shekara ɗaya ba. Mafi yawansu ma kotu ba ta kama su da laifi ba tukuna. Iyalan wanda aka tsare ba su da ta cewa a kan kamfanin da za su yi hulɗa da shi, domin gunduma ce take zaɓa. Manyan kamfanoni biyu, Securus da ViaPath, wanda a da ake kira GTL, su ne suka mamaye kasuwar, amma namu wani ƙarami ne daga cikin sauran.

Kiran waya shi ne ɓangaren da ya fi cancantar yabo. Ba a kiran wanda yake ciki, shi ne yake kira, saboda haka sai mutum ya buɗe asusu a manhajar kamfanin, ya ɗaura lambarsa, ya saka kuɗi da katin banki, sa'an nan ya zauna jira. Buɗe asusun bai ɗauke ni minti goma ba. Idan kiran ya shigo, muryar na'ura ce take fara magana da Turanci, ta ce ga kira daga wani da ke tsare, sai ta ɗan yi shiru, a cikin shirun nan sai in ji muryar ƙanena da aka ɗauka tun ranar farko yana faɗin sunansa a gajiye, daga nan na'urar ta sanar da cewa ana ɗaukar maganar, ta kuma nemi in danna lamba idan na amince. Na ji wannan sunan sau fiye da ɗari, kuma ban taɓa sabawa da shi ba. Bayan haka layin yakan fita tangaram, ko da yake ana jin hayaniyar talabijin da ƙarar ƙofofin ƙarfe a bayansa. Minti goma sha biyar ake bayarwa, kuma idan saura minti ɗaya na'urar takan katse mutum a tsakiyar magana ta yi gargaɗi. Mun koyi mu yi gaisuwa a taƙaice, abin da ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce, har ya zama da ya ce "Yaya, ina wuni," sai in amsa in wuce kai tsaye zuwa maganar lauya.

Inda hidimar ta ba mu wahala ƙwarai shi ne wajen mahaifiyarmu, wadda take Kano. Kiran ƙasashen waje ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sau biyu da ya gwada bai shiga ba. Wata rana, cikin rashin sani, na kira ta da ɗaya wayar na haɗa layukan biyu don su gaisa. Ta samu ta ce "Auta, kana lafiya?" sai layin ya yanke, domin na'urar tana gano kiran mutum uku, kuma ƙa'ida ta hana. A nan laifina ne, tunda sharaɗin yana rubuce, sai dai an binne shi a cikin dogon rubutun da babu mai karantawa. Daga ranar muka sauya dabara: Umma takan turo mini saƙon murya ta WhatsApp bayan sallar asuba, ni kuma in zauna da dare in rubuta shi kalma bayan kalma a manhajar kamfanin, har da addu'o'inta da faɗanta, shi kuma ya karanta a kwamfutar hannu da ake ba su. Kowane saƙo da kuɗinsa, hoto ma da nasa, kuma saƙonnin da na rubuta da Hausa sun fi na Turanci jinkirin isa, wani lokaci har kwana uku.

Akwai gargaɗin da lauyansa ya yi mini tun makon farko, kuma ya dace kowa ya riƙe shi. Duk kiran da ba na lauya ba ana ɗaukarsa, ana ajiye shi, kuma masu gabatar da ƙara suna iya saurare su kawo shi gaban kotu. Wasu 'yan uwanmu suna zaton idan suka juya harshe zuwa Hausa sun tsira, alhali samun mai fassara ba abu ne mai wuya ga hukuma ba. Mu dai ba mu taɓa tattauna abin da ya faru ranar da aka kama shi ba, ko da habaici.

Batun farashi yana da tarihi. Wata dattijuwa makauniya daga birnin Washington, Martha Wright-Reed, ta shafe shekaru tana fafutuka a kan tsadar kiran jikanta da ke kurkuku, kuma dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda Shugaba Biden ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ita ce ta ba hukumar sadarwa ta FCC ikon ƙayyade farashin kiran murya da na bidiyo, har da na cikin jiha ɗaya. A watan Yulin 2024 hukumar ta yanke cewa kiran murya kada ya wuce senti 6 a minti a manyan gidajen yari, zuwa senti 12 a mafi ƙanƙanta, ta kuma hana kamishon da kamfanoni suke ba gundumomi, wanda shi ne babban dalilin da ya sa gunduma takan zaɓi kamfanin da ya fi ba ta kaso maimakon wanda ya fi sauƙi ga iyalai. Sai dai a 2025 hukumar ta jinkirta aiwatar da wannan, daga baya kuma ta ɗaga iyakar farashin. A gefe guda, birnin New York ya mai da kiran kyauta a gidajen yarinsa tun 2019, jihar Massachusetts ma ta bi sahu a ƙarshen 2023, har da gidajen yarin gundumominta. Gundumarmu ba ta cikin waɗannan, saboda haka abin da na kashe a waya duk wata ya kusa kai kuɗin wutar lantarkin gidana.

Kiran bidiyo kuwa ban ga amfanin kuɗinsa ba. Sai an tsayar da lokaci tun kafin ranar, kuma idan aka kulle sashen da yake ciki saboda ƙirgar mutane ko wata hatsaniya, lokacin ya tafi ke nan. Kyamarar tana sama da allon, don haka kullum kamar yana kallon ƙasa ne, hoton kuma yakan daskare a bar ni da rabin fuska. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan yarin ya soke ziyarar ido da ido, ta yadda ko mutum ya tuƙa mota ya je har can, gaban allo za a zaunar da shi a wani ɗaki.

Saka kuɗin kanti yana aiki da sauri, cikin sa'a ɗaya yakan gani a asusunsa, amma kowace sakawa da ladanta, kuma ladan yana da nauyi a kan ƙaramin kuɗi, shi ya sa na gwammace in saka sau ɗaya a wata maimakon duk mako. Darajar wannan ta fito ne da azumi. Wata dokar tarayya ta shekarar 2000 tana kare ibadar waɗanda ke tsare, kuma bayan ya rubuta takardar buƙata an sanya shi cikin masu karɓar abincin sahur da buɗa-baki, sai dai abincin bai taka kara ya karya ba, da taliya da kifin leda da man gyaɗa na kanti ya riƙa cikawa. Alƙur'ani mai fassara kuma sai da na sa kantin littattafai ya aika masa kai tsaye, mai bango mai laushi, domin ba a karɓar littafi daga hannun ɗan uwa. Wasiƙar takarda ma ba ta isa hannunsa. Wata cibiya ake aika ta, a ɗauki hotonta, ya gani a allo.

Idan aka ce in raba maki, kiran waya zan ba mafi yawa, saƙonni da saka kuɗi su biyo baya, bidiyo da sashen sauraron koke-koke su zo ƙarshe. Ranar da aka sallame shi akwai sauran kuɗi a asusun wayar, kuma kamfanin bai mayar da su da kansa ba. Sai da na kira sau uku, kowane kira ina sauraron kiɗa fiye da rabin sa'a, kafin wata ma'aikaciya mai haƙuri ta rufe asusun, kuɗin kuma suka dawo katina bayan makonni uku.