Tirela ko jirgin ƙasa, wanne ya fi mana a Zariya?

Tsaya a Kwangila da yamma ka ga tireloli a jere, wannan masara wancan siminti, hayaƙi kamar ana gasa tukunya. Gaskiya tirela tana da daɗinta, har ƙofar sito take sauke maka kaya, ko tsakar dare ka kira direba zai tashi, yanzu ma masu motoci na saka tiraka suna kallon inda motar take a waya. Amma dizal ya cinye ribar wallahi, ga taya ga kuɗin shinge, kuma ambaliya ta ci gada ɗaya wajen Mokwa a hanyar Legas shikenan kaya sun kwana a hanya tumatir ya ruɓe.

Jirgi kuwa a tafiya ɗaya sai ya kwashe lodin tireloli da yawa, mai kaɗan, titi ma ya huta. Abin da ke min ciwo, Zariya mahaɗa ce tun zamanin Turawa, layin Kano da na Ƙauran Namoda nan suka rabu, yau je tashar Sabon Gari ka ga ciyawa. Matsalar jirgi sai a tasha yake tsayawa, dole ka nemi mota ta ƙarasa. Ni dai hatsi da siminti a ba jirgi, sabon layin Kaduna zuwa Kano nake jira.