Tsohon gidan ko sabon da aka gina don sayarwa?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne za ka saya, tsohon gida mai shekara 20 ko sabon da aka gina don sayarwa. Tsohon za ka saya, ka ƙyale sabon. Na zauna a irin kowannensu, ba labari aka ba ni ba.

Gidan da nake ciki yanzu shi ma ya haura shekara 20 lokacin da na saye shi. Ranar da muka fara zuwa dubawa, maiɗakina tun daga bakin ƙofa ta ɓata rai. Fenti ya koɗe, tayil na tsohon yayi, ƙofar falo sai kuka take yi. Wani dattijon birkila da na tafi da shi ne ya ce mu dakata. Fentin nan ko kallo bai ishe shi ba. Mabuɗi ya ciro ya kankari bulo a inda filasta ta ɓare, bulon bai zubo da gari ba. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, domin inda filasta ta rabu da bulo ƙarar fanko take yi. Daga nan ya sa aka kawo tsani, ya leƙa cikin silin da tocila, yana soka sukudireba a katakon rufi ko gara ta cinye cikinsa. Ya sauko yana kakkaɓe yanar gizo daga hularsa, ya ce mini gidan nan duk abin da zai yi ya riga ya yi.

Sai daga baya na gane maganarsa. Ginin da ya ga damina 20, yawanci ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gama zama, yawancin aibinsa kuma ya fito fili. Abin da ya rage maka shi ne ka iya karanta tsaga. Siririya kamar silin gashi yawanci ta filasta ce, ba ta da wata illa. Wadda za ta tsorata ka ita ce wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, musamman idan faɗinta ya wuce milimita 5 ko kana ganinta ciki da waje. Wannan harsashin ginin ne yake motsi. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe. Idan biyu ko uku suna cijewa a ɓangare ɗaya na gidan, akwai magana.

Ban ce tsoho ba ya cin kuɗi ba. Na sake wayarin gaba ɗaya, na canza bututun ruwa na ƙarfe da tsatsa ta toshe, na sauya ƴan fallayen kwano. Amma duk na san da su kafin in biya, da su ma na yi ciniki. Yau shekarata 9 a ciki, ko kwano ban taɓa tarawa a ɗaki saboda yoyo ba.

Sabon kuwa, to, yana da kyau a hoto, kuma ka tare yau ba sai ka nemi mai fenti ba. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Wanda na taɓa saya damina biyu kacal ya yi danshi ya taso daga gindin bango, fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso. Kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma a kwanakin farko yana son a riƙa ba shi ruwa. Wanda ya gina don ya sayar sauri yake yi, kai kuma ba ka ga rodin da ya saka ba, ba ka ga zurfin harsashi ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma ta yaya za ka tantance bayan an shafe komai da filasta?

Kowanne ka zaɓa, ka koma bayan an tafka ruwan sama, ba tare da ka sanar da kowa ba. Duba ko daɓen gidan ya fi titi ƙasa, duba ina ruwan tsakar gida yake bi ya fita. Idan akwai rijiya, auna tsakaninta da sokawe, har na maƙwabci, kada ya gaza mita 15. Ka sake zuwa da daddare ka ji yadda unguwar take, ka tsaya ka gaisa da maƙwabta. Abin da mai gida ya ɓoye, su cikin hira za su faɗa maka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa da dillalansu. Idan ka ga sabon fenti a gindin bango kaɗai, ko a kusurwa ɗaya ta silin, wani abu aka rufe. Kabad ɗin da aka jingina da bango, ka sa a janye shi. Idan aka ce maka wani zai kawo kuɗi gobe da safe, ka ce Allah ya sa albarka, ya kawo. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai lauyanka, ba nasu ba, ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke kan takarda na mai sayarwa ne, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Tsohon gida sau da yawa na gado ne, don haka kowane magaji sai ya sa hannu, har wanda ake cewa yana nesa amma ya yarda.

Idan takardun tsohon suka fita lafiya, ka shiga da birkilanka da mai wayarin su rubuta maka abin da gyara zai ci, ka nemi a rage shi daga kuɗin gidan, sannan ka biya.