Mota Manuwal ko Otomatik: Wacce Za Ka Saya?

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa, to bari mu baje su a faifai.

Wajen kuɗi manuwal ta fi sauƙi, saye da gyara. Kuloci ya ƙone, a sauya, ka kama gabanka. Giyar otomatik kuwa in ta fara rigima, tun daga nesa bakanike zai soma yi maka murmushi.

Amma shiga cunkoso da manuwal ka sha mamaki. Taka kuloci, saki, sake takawa, har ƙafar hagu ta fi ta dama ƙwari. Ga tsayuwa a kan tudu: mota na zamewa baya, na bayanka na danna hon kamar biyansa aka yi. Mai otomatik na zaune abinsa.

Batir ya mutu? Manuwal a tura ta tashi. Otomatik ko gayya aka yi mata, a banza. Shan mai kuwa, a da manuwal ce mai tattali, amma otomatik na zamani masu giya 8 zuwa 10 sun kamo ta.

Mai fama da cunkoson birni kullum, otomatik ce tasa. Mai lallaɓa aljihu, ko mai son jin giya a hannunsa, ya riƙe manuwal.