Saura kaɗan su mayar min da kaka sojan Mussolini, tauraro biyu kawai

Wanda zai kai takardar haihuwa ko ta aure saboda maganar permesso, wato takardar izinin zama a Italiya, ya kai musu abinsa, wannan kam ido rufe ma za su yi. Amma in takardar soja ce to ka tsaya a kansu, dan ofishin fassarar nan da 'yan uwa ke ta yabo a nan Brescia ta Italiya ni dai hawan jini suka so sa min.

Takardun marigayi kakana na kai, na yaƙin duniya na biyu, saboda ɗakin karatun unguwarmu za su yi ɗan baje koli kan sojojin Afirka kuma sukace komai sai da Italiyanci. Kaka yana cikin birged ta 23 ta Najeriya, waɗanda suka taso daga Kenya suka shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairun 1941, daga nan suka nausa Jijiga da Harar a ƙasar Habasha suna fatattakar sojojin Italiya. A can ya samu lambar jarumta da ake kira Military Medal. Ta azurfa ce, kan Sarki Joji na shida a gaba, a baya an rubuta For Bravery in the Field, sunansa da lambarsa ta soja kuma an buga su a bakin gefenta, sai ka karkata ta wajen haske kafin ka iya karantawa. Duk wannan na ɗauki hoto na haɗa musu.

Na karɓo aiki na buɗe tun a cikin bas, sai ga Medaglia di bronzo al valor militare ɓaro-ɓaro harda hatimi a ƙasa. Jama'a wannan fa lambar tagulla ce ta Italiya! Ita ce ta uku bayan ta zinare da ta azurfa, kuma a 1941 ƙarƙashin Sarki Vittorio Emanuele na uku ake rataya wa sojansu ita. Kenan duk mutumin garin nan da ya tsaya gaban allon zai ɗauka kakana askari ne, wato sojan Afirka na Mussolini, bawan Allahn da harsashinsu ya bar masa tabo a cinya har ya koma ga Mahaliccinsa. Kuma tagulla daga ina fisabilillahi, ga hoton azurfa a gabanka tana ƙyalli?

Da na koma, yaron da ke kan tebur ko gezau, wai ai darajarsu ɗaya, waccan mataki na uku wannan ma mataki na uku. Nace to naji, a wurin ƙananan soja Victoria Cross ce a sama, sai Distinguished Conduct Medal, sannan ita, amma wa ya bada ita? Kuma tsarin ma ba ɗaya bane, Ingila lokacin muƙami take dubawa, hafsa ya samu Military Cross kurtu da saje su samu Military Medal ko da rami ɗaya suka kwana, sai 1993 aka soke wannan bambancin. Yana jina yana danna waya. Wallahi abun da yafi ƙona min rai kenan, ba kuskuren ba.

Gaskiya dai dole in faɗi alherin matar da ke da ofishin. Ta fito daga ciki ta karɓi takardar, tana karanta layin ta dafe kai, ashe nata kakan ma yayi yaƙin Habasha a ɗaya ɓangaren. Ta zauna da kanta ta gyara, ta bar sunan lambar da Turancinsa yadda yake, a ƙasa ta ɗan yi bayani da Italiyanci cewa lambar jarumta ce ta Birtaniya da aka kafa a 1916 don ƙananan soja. Aiki tsaf, harda kofi ta sa aka kawo min. Na fito ina cewa a raina to bari in basu tauraro huɗu, ai ɗan adam ajizi ne.

Sai da na isa gida na bi sauran shafukan a tsanake naga Africa Star ma sun liƙa mata al valore, wato ta jarumta, alhali wannan lambar halartar fagen daga ce, duk wanda yayi aiki a can an bashi, direba da kuku duka, ba ruwanta da jarumta. Kaka ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri, tasa ta gaske ta ishe shi. Sannan ga maganar kuɗi, ni ban ce a kai kotu a rantse a kanta ba, baje koli ne ba kwestura (ofishin 'yan sanda) ba, amma suka kai abinsu dan sun saba, suka caje ni kan sarki na yuro 16, da aka gyara kuma wai sai na sake biyan wani tunda sabuwar takarda ce. Laifinku, aljihuna? Shafin Africa Star ɗin har yau ana ce min gobe, na kira yaron nan ne ke ɗauka.