Ɗibar ruwan mahaifa ko hoton ciki: wanne ya fi gano matsalar laka?

'Yar'uwa, kin ce a wajen awo an sami AFP ɗinki ya hau a jini, wato wani furotin na ɗan tayi da hawansa kan sa a yi zargin matsalar laka, kina tambaya ko sai an ɗebi ruwan mahaifa ko hoto ya isa.

Ki fara kwantar da hankali. Gwajin jini nuni kawai yake yi. Tagwaye na iya ɗaga shi, haka ma kuskuren lissafin watannin ciki. Abin da ake nema shi ne ko bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe, aikin da kan kammala cikin kwana 28 da shigar ciki.

Ɗibar ruwa ana yin ta daga mako 15, da siririyar allura ta fatar ciki. Abu biyu ake aunawa. Na farko AFP, wanda hantar ɗan tayi ke yi; masu bincike Brock da Sutcliffe suka nuna alaƙarsa da wannan matsala a birnin Edinbara na Birtaniya a 1972. Amma ko ɗan jinin jaririn ya gauraya da ruwan, sai ya hau. Shi ya sa aka ƙara na biyu a 1979, wato sinadarin asetilkolinestares, da ake taƙaitawa AChE. Wannan daga jijiyoyin laka yake tsattsafowa idan wurin a buɗe yake. In duka biyun suka nuna, magana ta kusa tabbata. Idan fata ta rufe wurin kuwa, ba wanda zai nuna. Akwai kuma ɗan haɗarin ɓari, ga tsada, ba kuma kowane asibiti ke da ɗakin gwajin ba.

Hoto ba allura, ba haɗarin ɓari. Tsakanin mako 18 da 22 ƙwararre na bin ƙashin baya gaɓa-gaɓa, ya duba siffar kai da ƙwaƙwalwar ƙeya, ya faɗi inda matsalar take da girmanta, abin da ruwa ba ya iya faɗa. Rauninsa ɗaya: ya dogara da idon mai dubawa, da na'urar, da kwanciyar jaririn. Sikanin na minti biyu don ganin mace ce ko namiji ba shi nake nufi ba.

A ganina ki fara da cikakken hoto wurin ƙwararre. Ruwa sai in hoton ya bar shakku, ko likitarki na son duba ƙwayoyin gado. Ki tambaye ta kuma adadin folik asid da ya dace da ke.